Tambaya da Amsa: Me Ya Fi Kayar da Jiragen Dakon Kayan Yaƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gardama ta kaure a majalisarmu. Ni na ce harbin abokan gaba ne ya fi kayar da jiragen dakon kayan soja, abokina ya ce sam. Wa ke da gaskiya? Kuma wai da gaske jiragen Yaƙin Duniya na Biyu sun riƙa bi ta Kano? Daga mai karatu a Gangare, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Batun Kano gaskiya ne. Daga 1940 Turawan Ingila kan kawo jirage cikin akwatuna tashar jiragen ruwa ta Takoradi a Gana a harhaɗa, su biyo Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (N'Djamena ta Chadi a yau) da Khartum har Alƙahira.

Ita kuwa gardamar, abokinka ya fi ka kama hanya. Ana harbowa, amma yanayi da nauyin kaya ba sa hutu. Tsakanin 1942 da 1945 Amurka ta yi jigila daga Assam ta Indiya zuwa Kunming ta Sin, ta saman duwatsun Himalaya. An kai kaya wajen tan 650,000, an yi asarar jirage kusan 600, akasari ba harsashi ne ya taɓa su ba. Ƙanƙara ce ke daskarewa a kan fiffike, ta ƙara nauyi ta kuma ɓata siffarsa, jirgi ya kasa ɗagawa ga dutse a gabansa cikin gajimare.

Sai lodi, wanda shi mutane suka fi rainawa. Kafin a tashi, jami'in lodi yana auna kowane kaya, ya lissafa inda tsakiyar nauyin jirgin zai faɗa. Jirgin dako samfurin C-130 irin na sojanmu yana ɗaukar manyan faranti shida da ake jera kaya a kai, kowane bai wuce kilo 4,500 ba, a lulluɓe da raga a kulle a kan layin ƙarfe. Mota kuwa da sarƙa ko igiyoyin ɗauri ake kama ta gaba da baya. In ɗauri ya yi kaɗan, da jirgi ya ɗaga hanci kaya zai zame baya. Haka ta faru a Bagram ta Afganistan ranar 29 ga Afrilu, 2013: motar sulke ta kwance cikin Boeing 747, ta fasa na'urorin sarrafa wutsiya, jirgin ya miƙe sama ya rikito. Mutum bakwai ne a ciki, ba wanda ya fita.

Kai da ke Jos ma ga misali a ƙofar gida. Filin Heipang yana kan tudu kusan mita 1,300, iska ba ta da kauri, inji da fiffike ba sa samun abin da suke samu a Legas. Da rana tsaka, dole a rage kaya ko mai.

Kada ka sare dai, kana da hujja ɗaya. Lokacin yaƙin basasa, jiragen agaji da dare suke sauka a Uli ta yankin Biyafara, kan titin mota da aka faɗaɗa, ba a kunna fitilu sai jirgi ya matso, don gudun bam. Ranar 5 ga Yuni, 1969, an harbo jirgin Red Cross samfurin DC-7 a hanyarsa ta zuwa can.