Harshen saniya da farar ƙasa a lambun rani

Tambaya daga wani mai lambu a Bukuru, kusa da Jos: Tun shigowar hunturu saman kunyoyina ya yi fari kamar an barbaɗa kanwa. Karas ya ƙi tsirowa, amma wata ciyawa mai jan kara sai yaɗuwa take. Mece ce, kuma ita ta ɓata ƙasar?

Malam, harshen saniya ce, wasu na ce mata fasa ƙaba. 'Yar shekara ɗaya ce, tana shimfiɗa a ƙasa, reshenta ba ya cika wuce santimita 30 zuwa 40. Karanta ja ne mai ruwa, ganyen kauri gare shi da santsi, furen rawaya mai kunne 5, da hantsi kawai yake buɗewa. Kwanson irin yana da murfi, cike da baƙaƙen ƙwayoyi kamar yashi. Tana son fili mai rana da ƙasar da ake yawan motsawa.

Farin da kake gani a saman kunya gishiri ne. Ba ita ta kawo shi ba, jure shi take yi. Karas, albasa da koren wake kuwa da zarar awon gishiri ya haura kusan 1 dS/m (ma'aunin yawan gishiri a ƙasa) suke fara ja baya. Tumatir kan jure har 2.5. Shi ya sa fili ya zama nata. Amma tana fita a ƙasa mai lafiya ma, don haka a kai ƙasar awo kafin a yanke hukunci.

A Jos damina kan wanke gishiri, matsalar ta rani ce. Masu jawo ta su ne kashin kaji da yawa, tokar bola, takin zamani a kai a kai, sannan ban ruwa kaɗan-kaɗan: iskar hunturu ta ɗauke ruwan, gishirin ya taru a saman kunya, daidai inda iri yake.

A fara buɗe magudana, in ba haka ba wahalar banza ce. Sai a kwarara ruwa mai kyau, wajen lita 150 a kowace murabba'in mita, a raba shi kwana 3 ko 4. Wannan kan rage kusan rabin gishirin saman ƙasa. A dakata da toka, a rufe kunya da busasshiyar ciyawa, a shuka a kafaɗar kunya maimakon samanta.

Ita kuma ciyawar a tuge ta kafin ta yi fure, a fitar da ita daga lambu. Guntun da fartanya ta sare yakan sake kama ƙasa, wadda aka tuge ma tana iya nunar da iri tana kwance. Kada a cika wa tumaki da awaki ita da yawa lokaci guda, tana iya yi musu lahani.