Laftof ɗina yana daskarewa idan na tashe shi daga barci

Tambaya: Malam, idan na rufe murfin laftof ɗina mai Windows 11 na sake buɗewa, allon sai ya tsaya baƙi, wani lokaci ya yi shuɗi ya sake kunna kansa. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, galibi laifin direba ne, wato manhajar da ke tafiyar da katin hoto ko na Wi-Fi. Kwamfutar ta farka, shi bai farka ba. In shuɗin allon ya rubuta DRIVER_POWER_STATE_FAILURE, to shi ne.

Idan allon ya yi baƙi amma fanka na juyawa, danna Windows da Ctrl da Shift da B tare. Za ka ji ɗan ƙara, allon ya ƙifta, direban hoto ya sake tashi. Wannan agajin gaggawa ne kawai.

Maganin gaske, ka sauko da sabbin direbobin hoto da Wi-Fi daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, har da sabon BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows ya hau. Don Allah kada ka taɓa BIOS sai caja na jone, domin in kwamfutar ta mutu a tsakiyar sabunta shi, tana iya ƙin kunnuwa gaba ɗaya.

In matsalar ta ci gaba, cire duk abin da ke jone a ramukan USB kafin ka rufe murfin, sannan ka riƙa mayar da su ɗaya-ɗaya har ka gano wanda ke jawo matsalar.