Ana ta yabon kayana a Facebook amma ba a saye, in biya mai talla?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa, leshi da shadda a gida a Kano, daga Kantin Kwari nake sarowa. Mabiyana a Facebook sun haura 3,000, kullum ina ɗora hotuna ana ta "masha Allah", amma sai in yi mako ban sayar da turmi biyu ta nan ba. Na biya Facebook naira 10,000 na talla, yabo ya ƙaru, ciniki bai motsa ba. Yanzu wata mai tarin mabiya a TikTok ta ce in ba ta 50,000 ta tallata mini. In bayar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki bayar tukuna. Matsalarki ba ƙarancin masu ganin kaya ba ce, tunda kin ce suna gani har suna yabawa. Tsakanin ganin hoto da turo kuɗi ne ake zubewa, kuma idan ba ki gyara wannan tsakanin ba, duk mutanen da mai TikTok za ta koro miki a nan za su zube su ma.

Mu fara da hoton da kike ɗorawa. Mace ta ga atamfa ta burge ta, tambayoyin da ke ranta sanannu ne: nawa ce, yadi nawa ne, wace iri ce, tana zuba ko ba ta zuba, yaya za ta iso ni. Idan abin da ke ƙarƙashin hoton shi ne "a biyo ni ta inbos", to kin ɗora mata aiki, kuma da yawa ba za su biyo ba. Wata kunyar tambayar farashi take ji don kada a faɗa ta kasa, wata kuma ta ɗauka kowa da farashin da ake yanka masa. Ki rubuta farashi a fili, da yawan yadi, da sunan atamfar, da garin da kike. Na san abin da 'yan kasuwa ke tsoro, wai abokiyar gasa za ta gani ta rage nata. Ai ita ma Kwari take zuwa, ta san sarin kamar yadda kika sani. Mai saye kawai kike ɓoye wa.

Shi kansa hoton, ki ɗauka da safe a inuwa, a waje ko kusa da taga, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba, kuma kada ki sa masa wani gyaran kala. Yawancin rigimar cinikin atamfa ta waya daga nan take tasowa: an ga ja a hoto, an buɗe leda an ga ruwan goro. Kowane zane ki yi masa hoto uku, ɗaya a shimfiɗe gaba ɗaya, ɗaya na kusa da zai nuna saƙa, ɗaya na bakin zanen inda aka buga sunan kamfani. Leshi da shadda sun fi son gajeren bidiyo, ki ɗaga ki juya a ga nauyi da sheƙi. Idan za ki tura wa mai saye hoto ta WhatsApp, ki danna alamar HD, domin manhajar tana matse hoto ya dushe.

Sai babban abin da nake so ki riƙe. Mabiya 3,000 na Facebook ba naki ba ne, Facebook ke zaɓar wa zai nuna wa abin da kika ɗora, kuma kaɗan daga cikinsu yake nuna wa. Naki su ne waɗanda kike da lambarsu, su ma suka adana taki. Saboda haka aikin Facebook da TikTok a wurinki shi ne su rako mutum zuwa WhatsApp, a can ake ciniki. Ki sauke WhatsApp Business, kyauta ce, ki ware wa kasuwanci layi daban da na gida. A ciki akwai wurin jera kaya da hoto da farashi, wanda zai hutar da ke tura hotuna 40 ga duk wadda ta ce "mu ga kaya". Akwai saƙon maraba da ke tafiya da kansa, da amsoshin da za ki rubuta sau ɗaya ki adana: lambar asusu, kuɗin aike zuwa garuruwa, ƙa'idar mayar da kaya. Akwai kuma alamomi masu kala da za ki liƙa wa kowace hira, wadda ta tambaya, wadda ta biya, wadda aka aika wa, mai bashi.

Abu ɗaya da mutane da yawa ba su lura da shi ba: sitatus ɗinki ba ya bayyana sai ga wadda ku biyun kuka adana lambar juna. Haka saƙon da ake aika wa jama'a a lokaci guda, wanda jerinsa ke ɗaukar lamba 256, ba ya isa ga wadda ba ta adana lambarki ba. Don haka duk wadda ta yi miki magana, ko ba ta saya ba, ki adana lambarta da sunan garinta da abin da ta nema, ki ce mata, "Hajiya, adana lambata don ki riƙa ganin sababbin kaya." Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace. Kada ki jibga hoto 30 a rana, mutane za su rufe ki. Biyar zuwa takwas sun isa, ki sa wasu da hantsi, wasu bayan isha lokacin da mata suka gama hidima suka riƙe waya. Kuma kada ki jefa mutane cikin guruf ba da izininsu ba. Idan aka yi ta kai ƙarar lamba, WhatsApp na iya rufe ta.

Saurin amsa ma ciniki ne. Wadda ta tambaye ki farashi ta tambayi wasu biyu ko uku a lokacin. In kin amsa bayan awa shida, ta riga ta tura wa wata kuɗi.

Yanzu ga lissafin naira 10,000 ɗin da kika kashe. Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, na ƙara harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a kan tallan da ake biya daga Najeriya, ke nan talla na 10,000 ya zama 10,750. A ce ribarki a turmi 1,500 ce. Sai kin sayar da turmi 8 ta dalilin tallan kafin ki fita daga asara. A kan wannan ma'aunin, 50,000 ta mai TikTok tana buƙatar turmi 34. Ki sa ainihin ribarki a wurin 1,500 ɗin ki sake bugawa, sannan ki tambayi kanki ko kin taɓa sayar da hakan a mako guda.

Dalilin da ya sa yabo ya ƙaru ciniki bai ƙaru ba shi ne abin da aka nema aka samu. Idan aka danna Boost, wato maɓallin biyan talla da ke ƙarƙashin abin da kika ɗora, aka bar manufar tallan a kan jan hankali, Facebook zai nemo mutanen da suka saba danna alamar so, ya nuna musu. In za ki sake, ki zaɓi manufar samun saƙonni, ki haɗa da lambarki ta WhatsApp, ta yadda dannawa ɗaya zai buɗe hira da ke. Ki taƙaita ga mata, ki taƙaita ga Kano da garuruwan da kike iya aikawa cikin kwana ɗaya, irin su Kaduna, Zariya, Katsina da Dutse, maimakon Najeriya gaba ɗaya. Kaya iri ɗaya a talla ɗaya, da farashinsa. Ki raba kuɗin a kwana biyar zuwa bakwai, kada ki ƙone shi a rana guda. Sannan ki buɗe littafi ki rubuta saƙo nawa ya shigo, nawa suka biya, ribar nawa. In saƙo 40 ya shigo mutum 2 suka saya, tallan ya yi aikinsa, gyaran yana wajen farashi ko amsarki. In saƙo 3 kawai ya shigo, hoton ne ko mutanen da aka zaɓa.

Lokaci ma yana da nasa. Teloli kan daina karɓar ɗinkin Sallah tun azumi bai yi nisa ba, don haka tallan kayan Sallah a Sha'aban ake fara shi. Kuma mai neman anko ko haɗa lefe ta fi masu turmi ɗaiɗai goma, sai ki riƙa faɗa a fili cewa kina iya kawo kala ɗaya turmi 20 ko 50, da ragin da za ki yi.

Idan duk wannan ya zauna kuma har yanzu kina son mai TikTok, ki nemi ta nuna miki bayanan mabiyanta daga cikin manhajar: mata ko maza suka fi yawa, kuma a ina suke. Da yawa daga masu tarin mabiya samari ne ke kallonsu, ba masu sayen leshi ba. Ki duba mutum nawa ke kallon bidiyoyinta na kwanan nan, ba yawan mabiya ba, domin ana sayen mabiya. Ki tuntuɓi wata da ta taɓa yi wa talla. Ku rubuta sharaɗi a saƙo: bidiyo nawa, wace rana, kwana nawa zai zauna. Rabi kafin, rabi bayan. Ki ba ta wata kalma da duk wadda ta zo ta hannunta za ta faɗa a rage mata 500, da haka za ki ƙirga abin da ta kawo.

Saura yarda, wadda ita ce ke hana baƙuwa tura kuɗi. Sunan da ke kan asusun banki ya dace da sunan shafinki. Rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, tana ba ki damar buɗe asusu da sunan. In kin kai kaya tasha, ki ɗauki hoton ƙunshin, ki tura mata da lambar direba da ta mota, kuma a yi maganar wa zai biya kuɗin mota tun kafin ta biya. In kaya ya isa, ki nemi izininta ki ɗora saƙon godiyarta bayan kin rufe suna da lamba. Ke ma ki kare kanki: hoton rasit ko saƙon alat ba shaida ba ne, sai kin buɗe manhajar bankinki kin ga kuɗin ya zauna kafin kaya ya bar gida.

Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da Facebook yau ɗin nan, kuma lambobi 6 da ake turowa ta saƙo kada ki karanta wa kowa, ko da ya ce daga guruf ɗin 'yan kasuwa yake ko taron ƙungiya. Da su ake ƙwace layi a bi abokan cinikinki ana karɓar kuɗi da sunanki. Lambobin masu sayenki kuma ki kwafe su a littafi. A ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kusan awa shida a duniya, kuma an dakatar da Twitter a Najeriya daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. Wadda ke da lambobi a rubuce za ta iya buga waya ta ci gaba da ciniki.

Ki ba wannan tsari wata ɗaya kina rubuta komai. Daga 50,000 ɗin, ki gwada 10,000 a tallan saƙonni, sauran ki bar shi cikin jari har littafin ya nuna miki nawa kowace mai saye take ci miki.