Fitilun Dashbod Na Ɗaukewa Suna Dawowa

Tambaya: Fitilun dashbod ɗin tsohuwar motata kan ɗauke su dawo, musamman a hanya mai gargada. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, tunda gargada ke tayar da ita, wata mahaɗa ce ta saki. Fara da wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota bayan dashbod: kwance ta, goge tsatsar da sanfefa, ka ɗaure tamau. Duba fiyus ma, don yakan yi sako-sako a mazauninsa. Sannan murza makunnin rage haske, idan fitilun suka yi ƙyafta-ƙyafta, shi ne ya cinye. In ƙwai ɗaya kaɗai ke ɗaukewa, soket ɗinsa ne. Idan har fitilun gaba ma na dusashewa, auna batir inji na aiki: in ya nuna ƙasa da bolt 13.5, a duba altaneta, wato na'urar da ke cajin batir.