Kalmar "alkali" ta kimiyya da alƙalin kotu

Ɗan'uwa, ka tambaya ko "alkali" (sinadari mai kashe kaifin asid, irin su kanwa da ruwan toka) da ake koyarwa a ajin kimiyya yana da alaƙa da alƙalinmu mai shari'a. Babu ko kaɗan, rubutu ne kawai ya haɗa su, duk da cewa dukansu daga Larabci suka fito.

Alƙali daga "al-ƙāḍī" yake. Harafin ض a tsofaffin kalmomin aro yakan koma "l" a bakin Bahaushe, shi ya sa muke cewa alwala, farilla, larura da lamiri.

Na kimiyya kuwa daga "al-ƙilyu" ne, wato tokar wani tsiro mai fitowa a ƙasa mai gishiri. Tushensa "ƙalā", soyawa ko gasawa. Ana ƙona tsiron, a jiƙa tokar, a tace, a yi amfani da ruwan wajen yin sabulu da gilashi. Ta hanyar fassarar littattafan Larabawa kalmar ta shiga Latin. Daga nan aka samo "kalium", wanda ya ba sinadarin potassium alamar K. Masanin kimiyya Humphry Davy ne ya fara ware sinadarin a 1807, a Ingila.

In kana son ganin aikin alkali da ido, leƙa marinar Ƙofar Mata a Kano. Shunin baban rini ba ya narkewa a ruwa zalla, sai an zuba toka ruwan ya zama alkali, wato ya haura 7 a ma'aunin pH (ma'aunin da ke bambance asid da alkali), ya yi kwanaki ya ruɓa. In tokar ta yi kaɗan, shuni ba zai kama zane ba. Murza ruwan toka tsakanin yatsu, za ka ji santsi kamar sabulu, domin yana narkar da maiƙon fata ne. Kada ya shiga ido.