Tambaya da Amsa: Na ɗaga wa sa'an mahaifina murya a ofis

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, shekaruna 31, ina mataki na 9, kuma wata huɗu ke nan da aka ba ni riƙon sashen ajiyar fayil-fayil a ma'aikatarmu. Cikin waɗanda ke ƙarƙashina akwai wani dattijo akawu da kowa ke kira Baba, wanda ya kama aiki tun kafin a haife ni, saura shekara 2 ya yi ritaya. A makon jiya wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ta zo karo na huɗu tana bin sawun fayil ɗin haƙƙinsa, Baba ya sake ce mata ta dawo gobe, alhali fayil ɗin yana ƙarƙashin tulin takardun da ke kan teburinsa. Raina ya ɓaci, na kira sunansa babu ko Malam, na yi masa faɗa a gaban masinja da masu bautar ƙasa biyu da ita matar. Bai ce uffan ba, ya zaro fayil ɗin, ya kaɗe ƙurarsa, ya miƙo mini da hannu biyu. Tun daga ranar ciki-ciki ake amsa gaisuwata. Wasu sun ce in ba shi haƙuri, wasu kuma sun ce idan na yi haka na zubar da girman kujerata. Mece ce shawararku?
Daga wata 'yarku a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Ki ba shi haƙuri, kuma kada ki bari wannan makon ya ƙare ba ki yi ba. Sai dai ina so ki san abin da za ki ba da haƙuri a kansa, domin abubuwa biyu ne suka cuɗe miki a ranar, ɗaya kin yi daidai, ɗaya kin yi kuskure. Tsayawar da kika yi wa matar nan aikinki ne, da shi kike halatta albashinki, kuma babu wanda za ki nemi afuwarsa a kan haka. Kuskurenki shi ne wurin da kika zaɓa da harshen da kika yi amfani da shi.

Halin da kika samu kanki a ciki tsarin aikin ne ya haifar da shi, kuma dubban matasa suna cikinsa. Tun bayan rahoton hukumar Udoji na shekarar 1974 aka jera ma'aikatan gwamnati a kan matakai 17, kuma takardar karatu ce ke nuna inda mutum zai fara hawa. Mai digiri, da zarar ya gama bautar ƙasa, daga mataki na 8 yake farawa, shi kuwa wanda ya shigo da takardar sakandare daga ƙasa yake tasowa, yana iya shafe shekara 30 bai kai inda yaron jiya ya fara ba. Doka kuma ta ce ma'aikaci ya ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, wanda duk ya riga zuwa. Saboda haka Baba ya ga shugabanni iri-iri sun zo sun wuce, ya koya wa wasunsu yadda ake buɗe fayil, ya kuma ga sun zarce shi. Mutumin da yake ɗauke da wannan a zuciyarsa, abin da ya rage masa a ofis shi ne mutuncinsa, kuma shi kika taɓa a gaban yaran da yake aika.

Miƙo fayil da hannu biyu da ya yi ya tsaya mini a rai. Da ya mayar miki da magana, da abin ya fi miki sauƙi, domin da an ce ku biyu kun yi cacar baki. Shirun da ya yi ya ba kujerarki haƙƙinta cikakke, ya bar ki da bashin haƙƙin furfurarsa, kuma duk wanda yake ɗakin ya lura da haka. Abin da ya sa ke nan ake amsa miki gaisuwa ciki-ciki. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya ce ba ya cikinmu wanda ba ya jin ƙan ƙaraminmu, kuma bai san girman babbanmu ba, kuma ban san malamin da ya ce hukuncin yana faɗuwa idan aka shiga ofis ba.

Ga yadda nake ganin ya kamata ki yi. Tunda a bainar jama'a kika ɓata masa, a bainar jama'ar za ki gyara. Ki iso da wuri, ki taka da ƙafarki zuwa teburinsa, kada ki tura masinja ya kira miki shi. Ki gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, ki tambayi iyali, sannan ki ce, “Baba, ranar nan na yi muku magana yadda bai kamata 'ya ta yi wa uba ba, ku yafe mini.” Iyakarta ke nan, kada ki haɗa da “amma”, domin da zarar kin ce amma kin koma kare kanki. Masu ce miki girman kujera zai zube ba su daɗe a aiki ba. Durƙusa wa wada ma ba gajiyawa ba ne, balle dattijo.

Maganar fayil kuwa tana nan, kuma ba na so kunya ta sa ki haɗiye ta. Bayan kwana ɗaya ko biyu ki nemi ganinsa ku kaɗai, a bar ƙofa a buɗe kamar yadda ya dace tsakanin mace da namiji, amma a sassauta murya. Ki fara da tambaya: me ya tsayar da fayil ɗin? Sau da yawa akwai dalilin da sabon shugaba bai sani ba, ko wata takarda ce ba ta cika ba, ko sa hannun wani darakta ake jira, ko kuma idon dattijo ne ya raunana yana jin nauyin faɗa. A farkon kama aikina na taɓa zargin wani tsohon akawu da kasala, ashe ya hango lambobin fayil biyu sun yi karo, yana gudun a biya wani haƙƙin wani. Idan kuma ya tabbata sakaci ne, ki faɗa masa a fili cewa daga yau duk fayil ɗin mamaci ko ɗan fansho za a rubuta ranar shigarsa da ranar fitarsa a rajista, kuma ki ɗora wannan ƙa'ida a kan kowa har da ke, don kada ya ga shi kaɗai aka sa wa ido. Takardar tuhuma tana nan a dokokin aiki, kuma kina da ikon rubuta ta, amma ita ce matakin ƙarshe, musamman ga mutumin da yake dab da ritaya, wanda duk abin da ya shiga fayil ɗinsa zai bi shi har gida.

Sauran ƙananan abubuwa kin san su. Ki riƙa ce masa “ku”, kada ki aike shi sayen abinci ko ɗauko miki jaka daga mota, kada ki riƙa latsa waya yana yi miki bayani, kuma idan ya yi abin yabo ki faɗa a gaban darakta da sunansa.

Akwai kuma wadda kika ambata a wuce, ita kuwa ta fi damuna. Ladabin ofis bai tsaya tsakanin ma'aikata ba, mafi girmansa na wanda ya zo neman haƙƙinsa ne. Lokacin da gwamnatin Obasanjo ta kafa SERVICOM, wato ofishin sa ido kan yadda ma'aikatu ke yi wa jama'a aiki, a shekarar 2004, manufar ita ce a tuna wa ma'aikaci cewa yi wa ɗan ƙasa aiki a kan lokaci haƙƙi ne da yake binsa. Kalmar “dawo gobe” tana da arha a bakin wanda yake zaune ƙarƙashin fanka, amma ga matar da ta fito daga takaba, ta bar marayu a gida, wataƙila ma rancen kuɗin mota ta yi, zuwa huɗu wulakanci ne ko da an yi mata shi da murmushi. Faɗan da aka yi a gabanta ma bai yi mata daɗi ba, na tabbata ta tafi tana fargabar kada a huce a kan takardunta.

Don haka bayan kin gama da Baba, ki nemo lambar wayarta a cikin fayil ɗin, ki kira ta da kanki, ki yi mata ta'aziyya, ki gaya mata teburin da takardunta suke yanzu da ranar da za ta sake jin ki. Idan da hali, ki roƙi Baba ya raka fayil ɗin zuwa ofis na gaba, domin ya fi ki sanin ƙofofin ma'aikatar nan da mutanen da ke bayansu.