Tambaya da Amsa: Me ke ɓata hoton tsofaffin finafinai a faifai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai sha'awar tsofaffin finafinan Indiya ne, irin waɗanda iyayenmu suka kalla a sinima. Na sayi faifan DVD na wani fim na shekarun 1970 wanda aka rubuta HD a kwalinsa, amma da na saka sai na tarar launin ya rine ya koma ja-ja, an datse gefe da gefen hoton har ana jin muryar mutum ba a ganinsa, fuskokin 'yan wasa kuma sun yi sumul fiye da kima. Laifin akwatin talabijin ɗina ne ko na faifan?

Mai karatu daga Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwatinka ba shi da laifi, matsalar tana can tushen da aka kwafo fim ɗin. Rubutun HD ɗin nan ma talla ce kawai, domin faifan DVD a tsarin hoton talabijin na PAL da muke amfani da shi ba ya ɗaukar fiye da ɗigon hoto 720 a faɗi da 576 a tsayi, alhali Blu-ray yana ɗaukar 1920 da 1080. Da yawa daga cikin faya-fayan kasuwa ma daga VCD aka juyo su, wanda iyakarsa 352 da 288, kuma abin da ya zube a wancan juyi ba ya dawowa komai tsadar akwatin da aka kalle shi.

Jan launin da ka gani ciwo ne na zaren fim ɗin kansa. Tun daga 1950 da kamfanin Kodak ya fito da zaren fim mai launi na Eastmancolor, ana haɗa launi ne da rini iri uku a jikin zaren, sai dai ba tare suke tsufa ba: mai shuɗi-shuɗi da mai rawaya su ke fara koɗewa, su bar mai ruwan hoda shi kaɗai, shi ya sa sararin sama da ganyen bishiya da fatar mutum duk suke komawa kala ɗaya. Zafi da laima suna gaggauta wannan lalacewa, kuma duk wanda ya san yanayin Mumbai ya san abin da gwangwanin fim zai gamu da shi a ɗakin ajiya marar sanyi. Idan mai buga faifai ya ɗauko kwafin da ya sha yawo a gidajen sinima maimakon negatif na asali, wato zaren farko da aka ɗauki fim ɗin a kansa, to har da zane-zanen karce da tsallen hoto zai sayar maka.

Datse gefe kuwa gadon zamanin kaset ne, lokacin da ake matsa fim mai faɗin 2.35:1 (wato faɗinsa ya fi ninki biyu na tsayinsa) ya cika allon tsohon talabijin na 4:3, a zubar da sama da kashi 40 cikin ɗari na hoton.

Sumul ɗin fuska ya fi ba ni haushi, domin da gangan ake yin sa da sunan gyara. Zaren fim yana da 'yan ƙananan ƙwayoyi masu motsi, waɗanda su ne ke ɗauke da tamojin goshi da saƙar tufafi, amma sai a sa manhaja ta share su wai don hoto ya yi tsabta, ta haɗa da gashin gira da gumin fuska. Manyan kamfanonin Amurka ma sun faɗa wannan rami, domin Blu-ray na fim ɗin Predator da ya fito a 2010 ya sha suka saboda fuskokin 'yan wasansa sun koma kamar na kakin zuma. A ganina gara hoto mai ƙwayoyi da ɗan karce da wanda aka goge har ya rasa kamanninsa.

Ana samun gyara na gaskiya. Gidauniyar Film Heritage Foundation da aka kafa a Mumbai a 2014 ta yi aikin farfaɗo da fim ɗin Indiya mai suna Sholay na 1975, aka nuna shi a birnin Bologna na Italiya a 2025. Saboda haka kafin ka sayi wani faifai, ka duba bayan kwali ko an faɗi daga inda aka ɗauko hoton, da wanda ya yi gyaran, da ko a 2K ko 4K (ma'aunin yawan ɗigon hoto) aka yi shi. Idan ka ga baƙin layi a sama da ƙasan allo kada ka danna maɓallin cika allo, domin a fim mai faɗi alama ce cewa an bar maka hoton cikakke.